Turaren da Inna ta zuba bayan azahar

Baba tela ne a kasuwar Gure, shi ke ɗinka wa 'yan adawa riguna da atamfa mai hoton ɗan takararsu. Ran nan bayan azahar maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "'Yan sandan nan masu baƙaƙen kaya sun iso daga Damagaram, gida-gida suke bi!"

Inna ta miƙe zumbur. Ta kwaso ragowar atamfar ta tura a murhu, ni kuwa sai kai da kawowa nake, na rasa inda zan tsaya. Ƙauri ya cika gida. Sai ta ɗauko kwalbar turaren wutarta, wanda take ɓoyo don Sallah, ta juye shi duka a kasko.

Su uku suka shigo, ko sallama babu. Babbansu ya shaƙa ya ce, "Baiwar Allah, biki ake?"

Inna ta yi dariyar dole. "Wane biki, samari? Maigida ne zai dawo."

Kowace mace a garinmu haka za ta ce, ai don maigida ake turare. Sai mutumin ya jawo turmi ya zauna. "Madalla. Bari mu jira shi."

Har yau, da jikokina, ina tambayar kaina me ya hana ni fita da gudu in tare Baba a hanya.

Can muka ji takunsa a zaure, yana cewa, "Kai, yau wane babban baƙo muka yi?"