Littafin Kujerar Baya

Ɗan sandan har ya miƙo wa direban iƙamarsa, wato katin izinin zama, sai idonsa ya faɗa kan wani littafin rubutu a kujerar baya. Ya ɗauko, ya buɗe, ya fara karantawa a fili, motocin unguwar Dira ta Riyad suna ta danna ham.

Larabcin titi kawai direban ya iya, amma ya tsinci kalmomi uku: sarki, ɗansa, kashewa. Littafin na 'yarsa ne, wadda ya sauke a makaranta da safe. Ya sha jin labarin waɗanda aka tasa ƙeyarsu kan abin da bai kai wannan ba.

"Na wane ne?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Kai ka rubuta?"

Shekara goma sha tara yana Riyad, bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba.

"Wallahi ni ne."

Ɗan sandan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro biro, ya ja layi a ƙarƙashin wata lamba.

"Ka gaya wa yarinyar, juyin mulkin Farisa a 628 aka yi shi, ba 682 ba. Wuce."