Tsohon Duron Gwaggo

Tun da aka sallamo Dogo daga asibiti, gadonsa yake jikin taga. Shi ya roƙi matarsa ta sa a jawo masa shi nan, wai iska yake so. Ba wata iska, motar shara yake jira. Duk ranar kwasa, da ya ji ƙugin injinta daga bakin layi sai ya dafa ƙarfen taga ya ɗago kai, yana neman matakalar bayanta inda ya yi shekaru yana tsayawa. Jama'a na toshe hanci idan ta wuce, shi kuwa har warin nan kewarsa yake yi.

Ga yadda abin ya faru, mai karatu.

Bara hukumar tsabtar gari ta raba wa kowane gida mazubin shara biyu, iri ɗaya ko'ina, masu murfi da tayoyi. Kore na sharar gida, shuɗi na robobi da gwangwanaye da kwalaye. Aka kawo motoci masu hannun ƙarfe a baya. Ma'aikaci ya turo mazubi ya maƙala, ƙarfe ya ɗaga ya juye. Aka kuma gargaɗi ma'aikatan cewa duk abin da ba mazubin hukuma ba ne su bar shi inda yake, kada wanda ya ɗaga da hannu. Ranar Dogo ya shigo gida baki har kunne, yana ce wa matarsa, “Uwar yara, yau dai bayana ya samu hutu.”

To, a cikin layukan da yake kwasa akwai gidan gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi. Kowa ya fito da nasa kore da shuɗi, ita kuwa sai tsohon rabin duronta mai tsatsa. Dogo ya leƙa ciki ya gaishe ta, sai ga koren a gindin famfo cike da ruwa fal, shuɗin kuma a ɗaki an jera masa zannuwan gado.

“Gwaggo, ai na shara ne waɗannan.”

“Wannan abu mai ƙyalli zan zuba wa ƙazanta? Allah ya sawwaƙe. Ko akwatin aurena bai kai shi kyau ba.”

“Ƙarfen motar ba ya kama duro, Gwaggo. An hana mu ɗagawa.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Duk tsawon nan naka na banza ne? Ina ce ni na ɗauke ka kana ƙato, ban ce an hana ni ba.”

Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Wa zai iya musu da gwaggonsa a kan shara? Daga ranar, duk kwasa sai shi da abokin aikinsa su cicciɓi duron su juye, direba yana ta mita. Maƙwabta biyu da suka ga ana ɗaukar na Gwaggo, su ma suka mayar da nasu sababbin ciki, suka fito da tsofaffin bokitai.

Sai wani mako magini ya gyara mata katanga. Da ya gama ya kwashe ɓaraguzan bulo ya zuba a duron, aka yi ruwan sama a kai, da safe Gwaggo ta share tsakar gida ta rufe saman da ganye. Duro ba ya nuna abin da ke cikinsa. Dogo ya kama gefe, abokinsa ya kama gefe, suka ɗaga kamar kullum. Suna kaiwa ƙirji gindin da tsatsa ta cinye ya ɓalle, abokin ya saki, nauyin ya tafi da Dogo baya ya maka shi a kan bakin kwalbati. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, “Ku taɓa ƙafata, ban jin ta.”

Likita ya ce lakar baya ce ta taɓu. Ya ce a yi ta addu'a, kuma Dogo ya riƙe wannan maganar da hannu biyu. Kullum yana gaya wa matarsa kada ta cusa rigar aikinsa a ƙasan kaya, ta bar ta a rataye, ya kusa komawa. Gwaggo tana zuwa ta zauna a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da shi. Ta zubar da ruwan, ta kwashe zannuwan, ta fito da kore da shuɗi bakin titi. Ban taɓa ganin nadama mai ban tausayi irin tata ba, amma nadamar ba ta ɗaga masa ko yatsar ƙafa ɗaya ba.

Ran nan motar ta tsaya a ƙofar gidansa. Dogo ya ɗago kai da murna. Direba ya shigo, ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya yi ta juya hularsa a hannu.

“Dogo, an ɗauki sabon mutum. Oga ya ce in karɓo rigar da safar hannu.”

Dogo ya daɗe yana kallon rigar a jikin ƙusa, sannan ya ce wa matarsa ta sauko da ita. Ya shafa ta, ya ninke da kansa a kan ƙirjinsa, ya miƙa.

“Ka gaya wa sabon mutumin,” in ji shi, “ko uwarsa ce ta fito da duro, ya wuce.”

Jama'a, mazubin da aka raba mana ba ado ba ne, ba kuma tulun ruwa ba. An yi su iri ɗaya ne don ƙarfe ya ɗauki nauyin, ba bayan ɗan wani ba. Mu zuba shara inda aka ce, mu fitar da shi bakin titi, kada son kaya ya sa mu kwantar da mai kwashe mana ƙazanta.