Baƙuwar Teburin Taga

Ƙarfe goma sha ɗaya saura aka ajiye miyar ganyen teku a gaban Madam Byeon, kamar yadda ake yi wa duk mai bikin ranar haihuwa. Kowa ya naɗe hannu har sai da ta ɗaga cokali, sannan aka fara ci.

Shekara saba'in ta cika. Ɗanta Tae-uk ne ya kawo su wannan otal na bakin teku a tsibirin Jeju na ƙasar Koriya, ita da mijinta Gi-cheol, da matar ɗan, Hye-rin, da kuma mahaifiyar Hye-rin ɗin, Madam Pyo, macen da labari ba ya kwana a bakinta. Shekara ashirin da biyu Madam Byeon ta yi tana shugabancin makarantar 'yan mata a Daegu, ta kori ɗalibai a kan laifin da bai kai ya kawo ba, kuma har yau iyaye da sunanta suke yi wa 'ya'yansu kwatance.

Wannan sunan ne yake lilo a safiyar nan, saboda matar da ke zaune ita kaɗai a teburin taga.

Madam Byeon ta san ko wace ce. Wasiƙu uku matar ta aiko gidan daga Denmark, dukkansu ta tare su kafin mijinta ya gani. Biyu ta ƙone. Ta ukun ta amsa da layi huɗu: rana kaza, wuri kaza, a kalli iyalin daga nesa, kada a yi wa kowa magana.

Matar ta kusa hamsin. Fuskarta ta 'yan ƙasa ce, amma da cokali mai yatsu take juya ƙwan da ke gabanta, kofinta ya huce ba ta kurɓa ba. Da mai hidima ta yi mata magana, sai ta yi murmushin wanda bai ji abin da aka ce ba.

Murmushin ne Madam Pyo ta hango.

"Ikon Allah! Suruka, dubi waccan. Wushiryarta sak ta Tae-uk, har haɓar." Ta juya ga Gi-cheol tana kaɗa masa yatsa. "Baban Tae-uk, faɗi gaskiya, ina da ina ka yi yawo zamanin kana aikin jirgin ruwa?"

Aka kwashe da dariya. Madam Byeon ta kare bakinta da tafin hannu, kamar yadda ta saba tun tana budurwa. Gi-cheol bai yi dariya ba. Ya dubi matar, ya dubi ɗansa, kunnuwansa suka yi ja, ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Mama, bari mu roƙe ta ta ɗauke mu hoto," in ji Hye-rin. "Ita kaɗai ce, ba abin da take yi."

"Kada ki dami mutane," in ji Madam Byeon.

Amma Hye-rin ta riga ta tashi.

Matar ta karɓi wayar Hye-rin da hannu biyu. Suka jeru, teku a bayansu, Madam Byeon a tsakiya. Sau uku ta ɗauka. Da ta gama, maimakon ta koma wurinta, sai ta tsaya a gaban mai bikin, ta rusuna fiye da kima, irin rusunawar da aka koya daga littafi.

Madam Pyo ta miƙo wuya.

"Ki daɗe," matar ta ce da gurɓataccen Koriyanci, tana jera kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ki yi ƙarko. Cikin lafiya."

Ta tsaya tana jira.

"Mun gode, baƙuwa," in ji Madam Byeon, da muryar da take sallamar iyayen yara daga ofishinta. "A sauka lafiya."

Matar ta koma teburinta, ta ɗauki jakarta, ta fita ta ƙofar lambu. Ba ta waiwayo ba.

Bayan an kwashe kwanuka, sauran suka gangara bakin ruwa, Madam Pyo tana ta raɗa wa 'yarta magana a kunne. Kafin mako ya zagayo, rabin Daegu za su ji cewa tsohon ma'aikacin jirgi ya bar iri a wani wuri, kuma matarsa ta haɗiye abin da dattako a gaban surukai.

Gi-cheol ya daɗe yana murza kofinsa.

"Maman Tae-uk," ya ce, "akwai wata a Mokpo, kafin aurenmu. Na tafi ban sake neman ta ba. Ban san ko… Shekarun sun yi daidai. Ki yafe mini."

"Abin da ya wuce ya wuce," ta ce. "Amma kada ka kuskura ka neme ta, kuma kada yaran nan su ji daga bakinka."

Tsohon ya kama hannunta yana hawaye, yana cewa bai cancanci mace irinta ba.

Ta bar shi ya yi kukansa. Namiji yana iya ɗaukar irin wannan abin kunya ya ci gaba da shiga cikin mutane. Ita kuwa ba za ta iya ba, ita da ta haifi yarinyar a ɗakin wata unguwarzoma tana ɗalibar kwalejin malamai, ta bari aka tafi da ita riƙo ƙasar waje, shekara huɗu kafin ta san akwai wani Gi-cheol a duniya.