Fadamar da Aka Rubuta Ba Kowa

Tunda ka ce gobe za ka shiga daji da takardun gwamnati, zauna in ba ka misali kafin ka ɗaure kaya.

An yi wani ardo, Giɗaɗo, shugaban rugage tara na Fulanin daji. Abin da ya riƙe garkensa da na jama'arsa wata fadama ce a bayan duwatsu, wadda ruwanta ba ya ƙafewa komai tsananin rani. Da damina ba sa kusantar ta saboda ƙudan tsando, sai ciyawa ta bushe ko'ina sannan su gangaro. Uba ke nuna wa ɗa hanyarta, ba a zancenta a kasuwa. Wata damina sai ga mutanen hukumar binciken cututtukan dabbobi da motarsu da kwalabensu, suna neman maɓoyar tsando domin su samo maganin sammore, ciwon nan da ke ramar da saniya har ta faɗi. Babbansu wani likita ne, Isiyaku, kuma tsakani da Allah ba mugu ba ne. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, aka miƙo masa kindirmo ya sha bai yatsina fuska ba. Ardo ya ji mutumin ya kwanta masa a rai. Dattawa suka ce kada a nuna, shi ya ce wanda ya zo neman lafiyar saniya ba a rufe masa hanya. Ya saɓa sandarsa ya shige gaba, ya kai su har bakin ruwan.

Kwana uku suna kama ƙuda suna aune-aune. A takardarsu akwai wani gurbi da ke tambaya ko wurin yana da mazauna, amsa biyu kawai aka tanada, akwai ko babu. Likita ya duba gabas ya duba yamma, ba bukka ba hayaƙi, don damina ce. Ya rubuta babu. Ardo fa yana tsaye a gefensa, da ya juya ya tambaye shi, magana ɗaya ta isa. Amma mai boko yakan tambayi mutumin daji hanya, ba ya tambayarsa amsa. Da za su tafi ya yi alkawarin zai dawo ya karanta musu duk abin da ya rubuta. Kaka ta wuce, rani ya wuce, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Takarda kuwa ba ta zauna ba, daga wannan ofis zuwa wancan, har ta faɗa hannun masu rabon filaye.

A rani na biyu suka gangaro da shanu cikin ƙishirwa, suka tarar an zagaye fadamar da waya mai ƙaya. An ba wani attajiri ya yi gonar shinkafa. Mai gadi ya fito da takarda ya karanta musu: gwamnati ta aiko masana sun bincika, ba kowa a wurin. A ƙarshenta har da godiya ga Ardo Giɗaɗo da ya nuna hanya. Shanu suna jin ƙanshin ruwa suna kuka a jikin waya, Ardo ya tsaya ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ba wanda ya zage shi. Daga ranar dai in ya yi magana sai kowa ya dubi ƙasa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Suka koma shayarwa a wani tafki inda garkuna daga ko'ina suke cuɗanya, a nan ciwon huhu ya shigo musu. Saniya ta fara tari, ta miƙe wuya, kwana kaɗan a ja ta a yar. Labari ya kai birni, sai ga Likita Isiyaku da hantsi, ya yi yini biyu a hanya, da allurar rigakafi a akwatin ƙanƙara. Allura ce ta gaske, da an yi ta da yawancin shanun sun tsira. Ya ce a tara garkuna, a ware masu tari, a ƙirga masu lafiya. Ardo ya dubi idonsa ya san gaskiya yake faɗa, ya haɗiye ɓacin ransa ya roƙi jama'a su kawo shanu. Wani tsoho ya amsa masa a hankali: "Ardo, Allah ya ja kwananka. Wancan karon ruwanmu ka nuna musu. Yau kuma shanun za ka ƙirga musu?"

Kafin azahar rugage tara sun watse cikin daji, masu tari da masu lafiya a haɗe. 'Ya'yan Ardo na cikinsa suka kora garkensa da su, ba su ko waiwayo ba. Likita ya zauna a gindin kirya yana rantsuwa, yana ba da haƙurin da ya kamata ya kawo shekara biyu da suka wuce, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga a ƙasa. Ardo ya bi sawun garkensa a ƙafa, bai sha wahalar nema ba, ungulu ce ta riƙa nuna masa hanya. Shanu ɗari da ashirin ya gada daga ubansa. Da damina ta faɗi, guda huɗu ya kora zuwa gida.

Maganin yana hannu, masu bukatarsa suna gabansa, yarda ce kawai babu, ita kuwa ba a zuwa da ita a mota ranar da ake neman ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.