Bugu Uku a Jikin Ƙarfe

Kujerar da suka ba ta mai juyawa ce, sai da ta dafe tebur kafin ta zauna daidai. Ba-Ragi ake ce mata a layin masu yadi, kuma shi ma manajan kamfanin wasannin kwamfuta bai ga ragi ba. Sai da ya aika mota har ƙofar shago sannan ta yarda ta zo.

Autarta ce ta jawo mata. Wata goma sha ɗaya yarinyar tana ƙera halittar wata duniya don sabon wasansu, ana dawo mata da ita. Wai duk abin da ta ƙera mutum ne aka sa wa ƙaho, kallo ɗaya za ka san yunwa yake ji ko fushi. Manaja ya ce wannan ne karo na ƙarshe. Za a gwada mutum arba'in, in ko ɗaya ya gane abin da halittar ke nufi, Auta ta tattara kayanta.

Talatin da tara sun wuce, ba wanda ya gane. Saura wadda ba ta taɓa yin wasan ba a rayuwarta.

"Mama, nan tafiya, nan harbi," in ji manaja. "Kada dai ki tsaya ciniki da halittar."

"Ɗan nan, kunna. Na bar shago."

Auta na raɓe a bakin ƙofa, ta ƙi haɗa ido da uwarta. Haka take tun ranar da aka nemi tsohuwar wayar gidan aka rasa.

Allon ya yi duhu, sannan wani ɗakin ƙarfe ya bayyana. Abin yana kwance a lungu, ba fuska, ba ido. Gefe ɗaya na motsi, ɗayan kamar an zubar. Ya bugi ƙarfe sau uku. Ya ja wani dogon gurnani mai karyewa a tsakiya. Sai bugu ɗaya.

"Wani ya ce gargaɗi ne," manaja ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Wata ta ce ƙirga mu yake. Ko ɗakin ba ta sake shiga ba."

Hannun Ba-Ragi ya nufi kofin ruwan da ke kan tebur. Ta tsayar da shi a hanya.

Bugu uku. Gurnani. Bugu ɗaya. Yanzu da sauri-sauri.

"To Mama, me yake so?"

Ta waiwaya. Auta ta toshe baki da hannu biyu.

Ba-Ragi ta danna harbi. Ta ƙara, ta ƙara, har bugun ya tsaya.

"Ina zan sani? Ni yadi nake sayarwa."

Manaja ya tafa, ya ce Auta ta koma teburinta.

Ba-Ragi ta gyara mayafi ta fita, ba ta kalli yarinyar ba. Yanzu ta san inda tsohuwar wayar ta shiga, da muryar da ke cikinta. Shekara shida ta yi tana amsa wannan bugun a jikin ƙarfen gado, tun da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace harshen marigayi mijinta, kuma yau ne karo na farko da ya roƙe ta ruwa ta hana shi.