Yumɓu Ɗaya, Tulu Biyu

Tunda kin ce ke lafiyarki ƙalau, ƙanenki ne kawai mai ciwon, kuma hidimar da ake yi da shi ta ishe ki, bari in ba ki wani misali.

An yi wasu mata biyu, ya da ƙanwa, masu ginin tukwane. Sun gaji sana'ar wurin mahaifiyarsu, wadda wata rana tana cikin kwaɓa yumɓu ta dafe kai ta ce wani abu ya tsinke mata a ciki, kafin la'asar ta rasu. Bayan wasu shekaru ƙanwar ta fara fama da ciwon kai, tana jin bugu kamar na ganga a kunne ɗaya. Aka kai ta asibitin birni, aka ɗauki hoton kanta da wuyanta. Likita ya ce wata jijiyar jini a wuyanta ta yi rauni har ta kumbura, kuma irin wannan rauni gadonsa ake yi. Ya hana ta ɗaukar kaya a ka, ya ce duk wanda suka fito ciki ɗaya da ita ya zo a duba shi. Daga ranar gammon ƙanwar ya koma kan yayar. Ita ke ɗauko yumɓu daga bakin rafi, ita ke kai tuluna kasuwa. Ta dawo wuya a sage, ta tarar da ƙanwar a kan tabarma a inuwa tana yi wa tulu zane, dangi na ta shigowa gaishe ta, wannan da fura, wancan da ƙwai. Ba wanda ya taɓa tambayar yayar yadda ta kwana. Abin ya riƙa cin ta a rai. Takan sauke kaya ta ce, "Sannu da hutawa, gimbiya." Ƙanwar ta ce, "Yaya, don Allah ki je a duba ki." Ita kuwa ta ce, "Don a ce na ga kina cin ƙwai na yi kwaɗayi? Ni ba tsagaggen kasko ba ce."

Abin mamaki, duk garin ba wadda ta kai yayar sanin tukunya. In tulu ɗaya ya tsage a wuta, sai ta bi sauran da aka gina da wannan yumɓu ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, tana kasa kunne, don ta san aibin yumɓu ba ya tsayawa a tulu ɗaya. Amma da wuyanta ya fara ciwo ta gefe guda, fatar idonta ɗaya ta ɗan sauka, sai ta ja gyale ta rufe. A ganinta faɗa tamkar roƙon tabarmar ƙanwarta ne. Ranar kasuwa ma ƙara kaya ta yi, ta ɗora randa a kan tuluna, ta bi ta gaban ƙanwar a hankali don ta gani. Ba ta kai kasuwa ba. A hanya aka tsince ta cikin fasassun tuluna, baki ya karkace. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun da ke gina randa ko cokali ba ya riƙewa. Yanzu ita ce a kan tabarmar nan a inuwa, dangi na shigowa da fura da ƙwai, ƙanwar na ba ta a baki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.