Wadda Ta Zo Ta Ɗaya

Saura ƙiris mu kai layin ƙarshe na wuce ƙanwata. Gwiwar da likita ya hana ni gudu da ita tana ta sara, amma na cije na wuce.

Ta zube a kan ciyawa tana haki. "Haba Yaya! Kofuna sun cika miki ɗaki, bana kuma za ki gama jami'a. Ko sau ɗaya ba za ki bar min ba?"

Baba ya sauko daga cikin 'yan kallo, ita ya fara ɗagawa. Ya dube ni ya ce, "Girma ya faɗi."

A jami'armu ba a fili ake ba da kofi ba. Duk wadda ta zo ta ɗaya, ita kaɗai take hawa ofishin daraktan wasanni ta karɓa, shi kuma ya murza makulli. Masu horar da mu sun sani. Na taɓa kai ƙara, aka ce in tuna wanda ya samo mana gurbin karatu, ni da ƙanwata.

Masinja ya zo ya ce, "Darakta yana jira."

Ƙanwata ta kau da kai. "Je ki karɓi abinki, Allah ya sa ki ƙoshi."

Na hau bene ina ɗingishi. Ta tagar matakala na hango ta, ta share hawaye, ta ɗaure takalmi, ta koma kan layi tana atisaye.

Baɗi ba na nan.